Waɗanda Sankarau Ya Ɗauke Mana Ba Tare da Sallama Ba

Duk wanda ya tashi a Kano ya san ɗan tsakanin nan da hunturu yake janyewa bazara tana kunno kai, lokacin da hazo bai gama washewa ba amma rana ta fara dukan ƙeya, mutane suna fitar da tabarmi tsakar gida da daddare saboda ɗaki ba ya kwantuwa. A gidanmu wannan shi ne lokacin tuna mamata, ko da yake babu wanda ya taɓa zama ya tsayar da shi a kan haka. Abin da kawai ake gani shi ne Inna tana yawaita sadakar ƙosai da gumba ga almajirai, maganarta tana raguwa, mu kuma da muka san dalili sai mu bi ta da addu'a. A irin wannan lokaci ne, a shekarar 1996, tsakanin ƙaramar salla da babba, sankarau ya shiga gidanmu ya ɗauki autanmu, sannan bayan 'yan makonni ya ɗauki Kawu, ƙanen Inna da suke ciki ɗaya.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Alƙaluman da likitoci suka tattara sun nuna cewa daga Janairu zuwa Yuni na wannan shekara mutum 109,580 ne aka rubuta sun kamu da cutar a Najeriya, 11,717 daga cikinsu suka rasu, kuma waɗannan su ne waɗanda suka kai ga hannun hukuma, ban da waɗanda suka cika a ɗakunan iyayensu a ƙauyuka aka binne su kafin wani ma'aikacin lafiya ya ji labari. A faɗin Afirka kuwa, annobar ta kama sama da mutum 250,000, ta kashe kimanin 25,000. A Kano abin ya haɗu da ƙyanda da kwalara a lokaci guda, har ya zamana idan aka ga an wuce da makara ba a tambayar me ya faru, sai dai a tambayi ɗan gidan wa ne.

Auta yana aji uku na firamare, a makarantar allo kuma ya shiga izu na biyu. Bahago ne, kullum ana fama da shi a kan cin abinci da hagu, shi kuma sai ya karɓi loma da dama idan ana kallonsa, da an kau da kai ya mayar da ita inda ya saba. Babban abin da ya dame shi a duniya shi ne tattabarunsa, waɗanda ya yi wa gida da tsohuwar tukunya a saman katanga, kuma ya san kowace da sunan da ya laƙaba mata. Da yammacin ranar ya dawo daga makarantar allo yana cewa kansa yana sarawa. Inna ta taɓa jikinsa ta ji zafi, ta ce rana ce ta buge shi ko kuma zazzaɓin cizon sauro ne, aka aika kemis aka sayo maganin ciwon kai, ya sha ya kwanta. Cikin dare ya fara amai. Da asuba da aka matso da fitila kusa da fuskarsa sai ya ƙwala ihu yana rufe ido, kuma da Inna ta yi ƙoƙarin ɗago kansa domin ta ba shi ruwa, sai ta ji wuyan ya sandare, kai da kafaɗa suna tasowa tare. A nan ne Baba ya ce a kira Kawu ya zo da babur.

Asibitin da aka kai shi ya cika ya batse. Marasa lafiya suna kwance a kan tabarmi a baranda da gindin bishiyoyi, an rataye ledojin ƙarin ruwa a jikin rassa da ƙusoshin bango, ma'aikata kaɗan suna zagayawa a tsakanin mutanen da suka fi ƙarfinsu. An yi masa allura, kuma har yau ina ganin sun yi abin da za su iya. Kafin la'asar ya cika, kafin magariba an kai shi makwancinsa. Yaron da jiya war haka yake kan katanga yana watsa wa tattabaru gero, yau ga mu zaune a ƙofar gida ana ce mana ya haƙuri, muna cewa da godiya. Allonsa yana jingine a zaure da rubutun da bai kai ga biyawa ba, kuma babu wanda ya iya wanke shi sai da malaminsu ya zo ta'aziyya ya ɗauka da kansa.

Na Kawu ya ɗan bambanta, domin shi babba ne, kuma manya sun iya ɓoye ciwo. Tela ne, yana da shago a bakin kasuwar unguwa, lokacin kuma ɗinkin babbar salla ya taso, yana kwana a kan keke. Da zazzaɓi ya kama shi ranar Alhamis sai ya ce gajiya ce, ya ɗaure kai da ƙyalle ya ci gaba da aiki. Ranar Juma'a bai iya zuwa masallaci ba, da dare ya fara sambatu, yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa, bai gane matarsa ba. Ranar Asabar aka yi masa sutura. Ya bar mata da juna biyu, ta shiga takaba har ta haihu, aka mayar wa yaron sunan mahaifinsa, muna kiransa Abba.

Akwai wata ni'ima a cikin doguwar jinya da ba a gane ta sai an rasa ta. Kakarmu ta wajen uba ta daɗe a kwance kafin ta rasu, kuma duk da wahalar da aka sha, ta samu ta kira 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ta nemi gafarar kishiyarta da suka shekara ba sa ga maciji, ta faɗi wanda take bi da wanda yake bin ta, ta raba 'yan kwanukanta da hannunta. Da ta cika an yi kuka, amma kuka ne na mutanen da suka riga suka yi sallama. Wanda cuta ta fizge cikin kwana ɗaya ko biyu ba ya samun ko ɗaya daga cikin waɗannan, waɗanda ya bari ma ba sa samu. Ni kaina rabuwata ta ƙarshe da Auta yana cikin hayyacinsa faɗa ne a kan ya ɗauki takalmina ba da izini ba, kuma ba na jin akwai wanda ya rasa ɗan'uwa ta wannan hanya da ba shi da irin wannan ƙaramin abu da yake ci masa rai.

A shagon Kawu ne na ga yadda mutuwar farat ɗaya take barin al'amura a warwatse. An tarar da yadudduka da shaddoji jibge, wasu an yanka, wasu an haɗa jiki saura hannu, wasu ko warware su ba a yi ba. Kawu ba ya rubuta awo a littafi, da alli yake yin wasu 'yan alamomi a gefen yadi waɗanda shi kaɗai ya san ma'anarsu, sauran kuma yana riƙe da su a ka. Masu kaya suna zuwa zaman makoki su yi addu'a su tashi, kunya ta hana su tambayar kayansu, ga salla tana ƙaratowa. Sai da Baba ya sa yaron shagon ya zauna a ƙofa da ƙullin kayan, duk wanda ya gane nasa ya ɗauka, wanda ya riga ya biya kuɗin ɗinki a mayar masa. Littafin bashinsa ma laƙabi ne a ciki, mai goro, na bayan masallaci, dogo, ba sunan da za a bi a gano mutum. Bayan sadakar bakwai wani dattijo da babu wanda ya san shi a cikinmu ya zo ya ajiye kuɗi a gaban Baba, ya ce marigayi ya ranta masa su tun bara ba tare da shaida ba, ga shi ya kawo wa marayu haƙƙinsu. Ina da yaƙinin akwai waɗanda suka yi shiru da nasu, amma wannan dattijo shi ne abin da nake fara tunawa idan an ambaci Kawu, domin ta bakinsa muka san wani gefe na halin mutumin da muke zaton mun gama saninsa.

Daga baya ne, da na girma na karanta, na fahimci abin da ya faru a jikinsu. Sankarau irin na annoba ƙwayar bakteriya ce take kawo shi, wadda take iya zama a maƙogwaron mutum lafiyayye ba tare da ta yi masa komai ba, yana yaɗa ta ta hanyar tari da atishawa da kusantar numfashi. Idan ta samu hanya ta shiga jini, sai ta kai ga siririyar fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka ta kumbura ta, daga nan ne ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya da ƙin haske da ruɗewa suke fitowa, a jarirai kuma maɗiga takan kumbura. Busasshiyar iska da ƙurar hunturu suna raunana cikin hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗaki ɗaya yana sauƙaƙa yaɗuwa, shi ya sa cutar take tashi da rani ta lafa da saukar damina, a wani yanki da ya ratsa ƙasashe 26 daga Senegal har Habasha, wanda ƙasar Hausa take tsakiyarsa. Mutanenmu da suke cewa zafi ne yake kawo ta sun lura da lokacinta daidai, sanadin ne ya kuɓuce musu. Tana iya kashe mutum cikin sa'o'i 24, idan ba a yi magani ba tana iya kashe rabin waɗanda ta kama, kuma ko an yi maganin akan rasa kusan ɗaya cikin goma.

Wannan adadi na ƙarshe shi ne na taɓa kai wa Inna, domin na san tambayar da take ɗauke da ita shekara da shekaru ba ta furta ba: da an kai shi asibiti tun da yamma, da ya tashi? Babu mai iya ba ta amsar da za ta yanke wannan tambaya. Gaskiyar da na iya faɗa mata ita ce saurin kai mara lafiya yana ƙara masa damar tsira ƙwarai, amma akwai waɗanda aka kai da wuri suka tafi, kuma a yammacin farko babu abin da ya raba ciwonsa da zazzaɓin da ta saba jinyarsa a jikinmu duka. Uwar da ta raini 'ya'ya a garin da zazzaɓin cizon sauro yake zagayowa kowace shekara ba za a ɗora mata laifi don ta ga zafin jiki ta yi zaton shi ne ba. Ta saurare ni har na gama, ta ce kwanansa ne ya ƙare, amma na lura tun daga ranar ta fara ambaton sunansa a cikin hira, abin da a da ba ta yi.

A nan ne nake da ɗan saɓani da yadda muke riƙe haƙuri. Mun iya ta'aziyya, kuma ban san wata al'umma da ta fi mu tsayawa da wanda aka yi wa rasuwa ba: maƙwabta su ɗauke girki, abokai su zauna da kai a tabarma kwana uku, wanda kuka yi shekara ba ku gaisa ba ya tako ya ce Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan. Sai dai da zarar an naɗe tabarmi, ambaton mamaci yakan koma addu'a kawai, duk wanda ya so ya ba da labarinsa sai a ce ya yi haƙuri kada ya tayar wa mutane da mikin da ya fara warkewa. Ga wanda ya yi tsawon rai wannan ba ya rage komai, domin ayyukansa da zuriyarsa suna ba da labarinsa. Ga yaro ɗan aji uku kuwa, idan 'yan gidansu suka yi shiru, abin da zai saura daga gare shi shi ne ranar mutuwarsa kaɗai. 'Ya'yan yayata sun taso sun san cewa suna da kawu da sankarau ya kashe, amma ba su san bahago ba ne, ba su san zancen tattabaru ba, sai da muka fara faɗa musu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ban ga inda wannan ya hana a zauna a tuna yadda mutum yake dariya ba.

Haka kuma ban ga inda yarda da ƙaddara ya hana a kira cuta da sunanta a nemi sanadinta ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya samu labarin annoba ta ɓarke a can, ya yanke shawarar juyawa da jama'arsa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Abu Ubaida kansa a wannan annoba ta Amwas ya rasu, shi da Mu'azu ɗan Jabal, kuma babu wanda ya ce zunubinsu ne ya jawo musu. Shi ya sa raina ya sosu a 2017, sa'ad da sankarau nau'in C ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, ya kama sama da mutum 14,000 ya kashe sama da 1,100, aka ji gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, yana danganta annobar da saɓon Allah da mutane suke yi. Akasarin waɗanda suka mutu yara ne. Na yi tunanin iyayen da suka dawo daga maƙabarta suka kunna rediyo suka ji wannan magana, na kuma yi tunanin yadda Inna za ta ji da an faɗa mata haka a 1996.

Wani abin da annobar 1996 ta bari a Kano shi ne rashin yarda, kuma yana da tushe. A asibitin masu cututtuka masu yaɗuwa, wanda aka fi sani da asibitin zana, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu, wasu suka nakasa. An yi ta shari'a a kan ko an nemi izinin iyaye yadda ya kamata, kamfanin ya musanta aikata ba daidai ba, a 2009 kuma aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Namu ba su shiga wannan gwaji ba, ba ma a can aka kwantar da su ba, amma labarin ya shiga kowane gida, kuma yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa kafa hujja da su a 2003 lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar. Inna tana cikin waɗanda suka rufe ƙofa a wancan lokaci. Matar da ta rasa ɗa da ƙane a hannun cutar da ake iya yi wa rigakafi ita ce take korar masu rigakafi daga zaure, kuma ban iya ganin baƙinta ba, domin na san daga inda tsoron ya fito.

Akwai kuma waɗanda ba a lissafa su a cikin mamata ba, ba a kuma yi wa iyayensu ta'aziyya ba, alhali su ma an yi musu rashi. Kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi daga sankarau suna fita da wata nakasa, kurumta ko farfaɗiya ko raunin ƙwaƙwalwa ko shanyewar wata gaɓa. 'Yar maƙwabtanmu, sa'ar Auta, wadda suke tafiya makarantar allo tare, ta kwanta a mako ɗaya da shi ta tashi, amma ba ta ƙara jin sauti ba. Maganarta ta riƙa lalacewa a hankali har ta daina yi, karatunta ya tsaya a inda cutar ta same shi. Tana nan da ranta, ta yi aure ta haihu, tana sana'ar saƙa, kuma duk lokacin da ta haɗu da Inna sai ta nuna tsawon yaro da hannunta ta ɗaga tafukanta sama alamar addu'a. A cikin duk mutanen unguwa ita ce ba ta taɓa jin nauyin tuna mana da shi ba.

Nau'in A, wanda ya yi mana wannan ɓarna, yanzu kusan an shawo kansa. A Disamban 2010 aka fara amfani da allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, allurar da aka ƙera a Indiya musamman saboda wannan yanki a kan farashin da bai kai rabin dala ba, daga baya ta iso jihohin arewacin Najeriya, ana yi wa masu shekara 1 zuwa 29. Tun daga nan annobar nau'in A ta ɓace daga yankin, ko da yake sauran nau'o'in sun ci gaba da kisa, kamar yadda aka gani a Nijar a 2015 da kuma Zamfara bayan shekara biyu. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, wadda take kariya daga nau'i biyar a lokaci guda, wato A da C da W da X da Y. Shekara 14 ne kacal tsakanin rasuwar Auta da fitowar allurar farko, kuma da ya rayu, da yana cikin shekarun waɗanda aka yi wa ita.

Lokacin da masu allurar sankarau suka iso unguwarmu, mun yi shawara a tsakaninmu cewa za mu kai yara ba tare da mun sanar da Inna ba, don gudun rigima. Ashe ta riga ta ji sanarwa a rediyo. Da hantsi ta yafa mayafinta, ta tattara jikokinta, ta aika aka kira Abba daga shagon da ya gada, wanda a lokacin ya zama saurayi yana jin kunyar tsayawa layi da yara, ta tasa su gaba har ƙofar gidan mai unguwa. Yayata ta tsokane ta, ta ce Inna, yau kuma ke ce da kanki? Ta ce ita shan inna a bakin mutane take jin sa, wannan kuwa da hannunta ta ɗaga wuyan ɗanta ta ji yadda yake, saboda haka kowa ya miƙa hannu a yi masa, har da Abba.